Sarkin Noman Gidan Aminatou

A cikin matan Nijar da ke zaune a unguwar Parkchester ta birnin New York babu wadda ake shakkar zuwanta gida kamar Aminatou. Ba mafaɗaciya ba ce, ba ta kuma da gulma. Ido ne da ita. Za ta shigo ta gaishe ki da kyau, ta tambayi maigida da yara, amma kina kallo idonta zai zagaya bayan firji ya dawo ta ƙarƙashin kujera. Kuma ba za ta ce uffan ba, abin haushin ke nan. Sai bayan ta tafi ki tsinci kanki da tsintsiya a hannu kina ƙunƙuni.

A Gaya aka haife ta, bakin kogin Kwara. Uwarta soyayyen kifi take sayarwa a tasha, ita kuwa tun ba ta kai tsawon turmi ba aikinta ke nan dirzar kaskon suya da toka da yashi. Ta tashi da abu biyu, hannu mai ƙarfi da ƙin ƙarnin kifi. Ta sha rantsuwa a gaban ƙawayenta cewa ko maza sun ƙare ba za ta auri masunci ba. Sai ga Yacouba, ɗan masunta jikan masunta, dogo mai yawan dariya, wanda kusan a cikin kwalekwale aka yaye shi. Ƙawayen ba su bar ta ta manta da rantsuwar nan ba har ranar da suka raka ta ɗaki.

Da kifi ya ja baya a kogi, Yacouba ya bi sahun masu tafiya. Ya yi Kwatano, ya yi Abijan, ƙarshe ya dira a New York, ya kafa tebur a titin Fordham yana sayar da huluna da tabarau, in hadari ya taso ya fito da lema. Sai da aka shekara shida kafin ya iya ɗauko ta. Ita kuma ta samu aikin gyaran ɗakuna a wani otal a Manhattan. Kullum da sassafe ta hau jirgin ƙasa lamba shida, ta gyara ɗaki goma sha biyar, ta dawo gida ta gyara na goma sha shida. Haihuwa dai Allah bai nufa ba. Ciki biyu sun zube a Gaya, na ukun ya zo a nan, namiji, ya kwana tara ya koma. Daga nan ba su ƙara tayar da zancen ba, ko su biyu.

Abin da ta rasa a gida sai ta zuba shi a gidajen mutane. In an yi haihuwa ko rasuwa, Aminatou ce ke fara isa, da bokiti da soso da galan ɗin jabel, ruwan wankin nan mai yaji a hanci da ke mayar da komai fari. Ita ta koya wa matan ƙungiyarsu ta zumunci cewa ba a barin mai jego ko mai takaba ta ji kunya a gaban baƙi. A shiga, a ɗaga kujeru, a wanke abin da aka gani da abin da aka ɓoye, ba tare da an tambayi mai ɗaki ba, don tambaya ma tonon asiri ce. Hajiya Rafi'atu, shugabar ƙungiyar, 'yar Maraɗi mai jiki da murya, takan ce in Aminatou ta wanke maka ɗaki har zunubanka sai sun ragu.

To wannan matar ce mijinta ya kawo wa gansakuka har tsakiyar falo.

Maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa, Malam Dalyop, mutumin Jos ne, yana koyar da kimiyya a wata sakandare. Matarsa Lea nas ce, ana kiranta Maman Bege. Kowace shekara in zafi ya kusa ƙarewa, Dalyop kan tafi gaɓar teku can Long Island da taru, ya kamo ƙananan kifaye don ajinsa. Sai dai jan taru ba aikin alli ba ne. Da ya ji labarin asalin Yacouba, ya roƙe shi ya raka shi wata Lahadi. Yacouba ya dawo da yamma jiƙe sharkaf har ƙirji, yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, riƙe da bokiti.

Aminatou ta leƙa. Wani ɗan abu ne a ciki da bai kai faratan yatsa biyu ba, cikinsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, bayansa shuɗi mai ɗigo-ɗigo.

"Wannan ne kamun?" ta ce. "Ko miyar mage bai yi."

"Madam, wannan ba na ci ba ne," in ji Dalyop. "Baƙo ne. Turawa suna ce masa damsel. Gidansu can kudu ne, wajen tsibiran Karebiyan, inda ruwa ke da ɗumi duk shekara, babu zurfi, rana na kaiwa har ƙasa, cikin fasassun duwatsun murjani. In sun ƙyanƙyashe, ƙanana ne kamar ƙwayar gero, sai su bi ruwa na wasu makonni kafin su samu wurin zama. Akwai wata babbar igiya a cikin teku da ke yin arewa. Wanda ta ɗauka, nan take kawo shi. Zai ci ya sha har Oktoba. Sanyin winta na shigowa, duk su mutu, ko ɗaya ba ya kai Kirsimeti."

"Ba su komawa?"

"Ba su san hanya ba, Madam. Kuma ruwan ba ya komawa baya."

Yacouba ya ce, "To kin ji. Ɗan ci-rani ne, sanyi shika jira. Ni kau ba ni barin shi."

Aka sayo akwatin gilashi, aka sa hita mai ɗumama ruwa, aka jera duwatsu masu huji-huji da Dalyop ya ba su daga tankin ajinsa, aka dama gishirin teku na musamman da tataccen ruwa. Aminatou ta ƙyale shi, a zatonta wasan mako biyu ne. Wata bai cika ba duwatsun suka fara yin kore, wani gashi-gashi mai santsi ya rufe su. Wata Asabar ta ɗauko soso ta naɗe hannun riga. Tana tsoma hannu ɗan abin nan ya fito daga rami kamar an harbo shi, ya cije ta a bayan hannu, ya ja da baya, ya sake dawowa. Ba zafi, kamar tsinin tsintsiya ne, amma rainin ya ishe ta.

Yacouba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gonar mutum kika shiga ba sallama, mi kike so shi yi miki? Zamna ki gani."

Ta zauna don ta samu abin faɗa, sai ta ga abin da ba ta zata ba. Kifin nan noma yake yi. Akwai gansakukar da yake so, gajera mai laushi, ita yake kiwo a hankali ba ya cinye ta. Akwai wadda ba ya so, doguwa mai kauri, ita kuma sai ya cizge ta da baki, ya kai ta can kusurwar gilashi ya tofar, ya dawo. Dodon-koɗi ɗaya da ke cikin tankin ya rarrafo kan dutsen, kifin ya ɗauke shi cak ya kai shi bakin iyaka ya yar. Dalyop ya ce haka suke a teku: kowane ɗaya da filinsa, bai fi faɗin tabarma ba, a nan zai rayu a nan zai mutu, kuma ko kifin da ya ninka shi goma ne ya shigo sai ya kore shi. Tun daga ranar Yacouba ya naɗa shi Sarkin Noma. Aka yi sulhu: gilashin gaba na Aminatou ne, ta goge shi yadda take so, duwatsu kuwa na Sarki ne.

Shekara bakwai ana haka. Kyawun yarinta ya gushe, rawaya da shuɗin suka dushe, Sarkin Noma ya zama wani gajeren kifi mai launin ƙasa, tsawon babban yatsa da ɗan ɗori, mai fuskar wanda aka ci bashinsa a kasuwa aka hana shi magana. Baƙi kan leƙa su ce, "Wannan kuke ciyarwa?" Yacouba ya ce ƙanin karfasa ne da ya yi nisan kiwo. An taɓa sa masa abokin zama, kwana biyu aka fitar da shi da yagaggen fiffike. Amma lokaci-lokaci sai a ga ya shiga wata ƙwaryar katantanwa da ke gindin dutse yana share ta, yana fitar da yashi baki-baki, yana tsalle sama da ƙasa a ƙofarta. Dalyop ya ce shimfiɗa yake yi. A teku mace ce za ta zo ta manna ƙwai a ciki ta tafi abinta, namiji ne zai tsare su, yana yi musu fifita da fiffike har su ƙyanƙyashe. A falon Aminatou babu macen da za ta zo. Ya share, ya jira, ya sake sharewa. In ya fara wannan, Yacouba kan daina wasa ya zauna ya yi ta kallo, ita kuma ta tashi ta shiga kicin ta sami abin wankewa.

Yacouba ya faɗi ne a bakin teburinsa wata Talata da azahar, cikin Janairu, yana miƙa wa wata mata hular sanyi. Zuciya ce. Kafin Aminatou ta iso daga Manhattan da rigar aiki a jikinta an riga an rufe masa fuska.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya ba fita sai da larura. Kwana bakwai na farko gidan cike yake, ta rufe tankin da wani tsohon zane don kada yara su yi ta buga gilashi. Da mutane suka watse ta yaye zanen. Ruwan ya sauka ƙasa da wani jan layi da Yacouba ya manna a jikin gilashi, kifin kuma na can yana cizgar ciyawarsa kamar ba a yi komai ba. Ta tsaya ta dube shi, ta ji haushinsa ya kama ta, sannan ta ji tsoro. Shekara bakwai tana goge gilashin nan amma ba ta san ko cokali nawa ake ba shi ba.

Ta buga wa Maman Bege bango. Dalyop, da yake namiji ne, bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya yana faɗa matarsa na maimaitawa. In ruwa ya sauka, tataccen ruwa zalla za a ƙara, ba mai gishiri ba, don ruwa ne ke tashi ya bar gishirin. Ruwan famfo kuwa ko kusa, akwai magani a cikinsa da ke ƙona kifi. Ma'aunin zafi ya tsaya a saba'in da takwas, a lissafin Amurka. Duk mako biyu a kwashe bokiti ɗaya a zuba sabon dami, shi zai riƙa ajiye mata jarka a bakin ƙofa. Abinci ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Duwatsu kuwa kada a taɓa su, don ba gansakuka kaɗai ke kansu ba, akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin ruwan, in sun mutu ruwan ya zama guba.

Ranar da ta fara canjin ruwa da kanta, tana tsoma tiyo, Sarkin Noma ya fito ya cije ta a wuyan hannu, daidai inda yake cizon Yacouba kowace Asabar. Ta bar hannun a ciki. Kowa a duniya ya canja mata murya tun ranar Talatar nan, kowa lallaɓa ta yake kamar ƙwai, har 'yan'uwanta a waya. Wannan ɗan masifar kaɗai ne bai san an yi mutuwa ba. Ta ƙudura a ranta cewa ko me za a yi, abin da Yacouba ya tsamo daga bakin sanyi ba a hannunta zai mutu ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wa za ta gaya wa cewa abin da ke tashinta daga kan sallaya da safe kifi ne? Sai a ce matar nan ta taɓu.

Ta iya aikin kuwa, don hannun da ya iya tsabta ya iya kiyaye ƙa'ida. Ruwa bai ƙara sauka ƙasa da jan layi ba. Gonar ta yi kore shar, har ta fi ta zamanin maigidan.

Ana gobe sadakar arba'in, jininta ya hau. Tun asuba kanta ke sarawa, Maman Bege ta auna ta ta ce babu zancen jira, asibiti za su. Suna shirin fita Hajiya Rafi'atu ta iso da mata huɗu, kowace da bokitinta. Cikinsu har da Zalia, 'yar zangon Kumasi, yarinya mai zafin nama wadda Aminatou da kanta ta koya wa riƙon soso.

"Tafi abinki, ƙanwata," in ji Hajiya. "Bar mamu makulli. Yau ke ma ki ɗanɗana abin da kike yi ma mutane."

Aminatou ta dubi tankin. Ta riga ta rufe shi da zane tun da safe. Maganar ta zo mata har baki, cewa don Allah kada a taɓa wancan. Amma mutanen da suka bar aikinsu suka zo taya ka, da wane baki za ka fara kafa musu doka? Kuma a kan kifi, ana zancen arba'in ɗin mijinki? Ta ce a ranta ai a rufe yake. Ta miƙa makulli ta bi Maman Bege.

Awa biyar suka yi a asibiti. Da suka dawo gida, tun daga bakin lif ta jiyo warin jabel.

Gidan ya yi fes, ko ita iyakar abin da za ta yi ke nan. Labule a wanke, kafet a goge, tukwane na ƙyalli. A tsakiyar falo kuma ga tankin nan babu zane, yana walƙiya. Duwatsun sun yi fari fat kamar alli. An jera su tsaf, manya a baya ƙanana a gaba. Ƙwaryar katantanwar an kife ta a sama don ado.

Zalia ta taro ta da murna, da Hausarta ta Kumasi. "Anti Aminatou, zo ka gani! Na buɗe zani, na ga dattin, wallahi na yi kuka. Na ce Anti Aminatou ne da wannan? Gobe maza za su zauna nan fa. Awa biyu muna dirza, har da burushin haƙori. Kifin mun sa shi a kwano, bai ji komai ba. Na ɗanɗana ruwan na ji gishiri, so mun sa gishiri a sabon, rabin leda. Tsohon ruwa na jarka ma na zubar, na wanke jarkan."

Hajiya ta dafa kafaɗarta. "Kada ki ji kunya. Baƙin ciki shina sa mutum shi bar abin da bai saba bari ba. Mu munka gani, mu munka rufe, babu mai ji."

Aminatou ta matsa kusa da gilashi. Sarkin Noma na can sama, a kusurwa, inda bai taɓa zama ba, launinsa ya koɗe, bakinsa na buɗewa da sauri da sauri. Ya sauko kan farin dutsen ya kai baki, ya matsa ya sake kai baki, ya koma sama. Ta juyo ta dubi matan nan. Hannun Zalia ya yi ja, jabel ya ci fatar yatsunta. Hajiya da ciwon gwiwarta ta wuni a durƙushe. Duk abin da suka yi, daga ɗaga zanen har rashin tambaya, karatunta ne suka biya mata ba kuskure ko ɗaya.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Allah shi saka da alheri. Allah shi bar zumunci."

Suka amsa da amin, suka ci gaba da yankan albasar gobe.

Sai da suka tafi wajen la'asar sakaliya Maman Bege ta kira mijinta. Dalyop ya zo da jarka biyu daga makaranta, Aminatou ta shige ɗaki ta bar ƙofa a buɗe. Bai ce wa ya yi wannan ba. Ya fitar da duwatsun duka, don jabel ya shige cikin hujojinsu, ya kwashe ruwan ya zuba nasa, ya ɗiga wani magani. Tankin ya zama fili fetal, babu ko inda kifi zai ɓuya, sai ya karɓi kofi a kicin ya kwantar a ciki. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, kansa a ƙasa.

"Madam, ba zan ɓoye miki ba, abin numfashinsa ya ƙone. Amma irinsu suna da taurin rai. In ya kai gobe da yamma, ina sa rai."

"In ya rayu, gonar fa, Malam?"

"Za ta sake fitowa. Wata biyu, uku. Zan kawo dutse daga aji."

Da asuba yana nan da rai. Ta yi salla ta zauna a gabansa, ta tsoma hannu har wuyan hannu ta jira. Ya dube ta daga kusurwarsa bai motsa ba. Ba ta taɓa zaton akwai ranar da za ta roƙi Allah kifi ya cije ta ba.

Da hantsi maza suka fara cika falo, abokan tebur na Fordham, direbobin tasi, malamai uku da limamin masallacinsu. Mata suka koma ɗakin kwana da kicin, kamar yadda aka saba. Aka zaunar da Aminatou a bakin gado da carbi, mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi mata gaisuwa, tana amsawa. Ƙofar a ɗan buɗe take, kuma ta tsakanin kafaɗun mutum biyu tana hango kusurwar tankin ta ƙasa. Taku shida ne tsakaninta da shi. Amma mai takaba ba ta ratsa taron maza ana tsakiyar karatu, balle don ta duba kifi.

An kai wajen rabin sauka ta hango shi ya sauko ƙasa ya kwanta a gefe ɗaya. Ta ƙanƙame carbin. Can ya yunƙura ya miƙe, ya yi iyo ya fita daga inda take gani. Ta ce alhamdulillahi a fili, matar da ke kusa da ita ta ce haka ake so, haƙuri da godiya. Sai wani mai babbar riga ya zo ya zauna daidai wurin, ya toshe komai. Aka yi addu'a mai tsawo, aka ambaci Yacouba da kyawawan halayensa, yadda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, yadda yake ba marasa gida safar hannu kyauta in sanyi ya yi tsanani. Hawayenta suka zubo, mata suka ce yau dai Aminatou ta samu kuka. Ita kanta ba ta san wanne take yi wa ba, kuma ta daina ƙoƙarin rabewa.

Aka shafa fatiha, aka fito da shinkafa da kaji da masa a farantan takarda. Ba a watse ba sai bayan la'asar. Namiji na ƙarshe na sa takalmi ta fito falo.

Babu komai a tankin sai kofi.

Ta leƙa cikin kofin. Ta duba bayan hita. Ta durƙusa ta duba ƙasa, bayan teburin, ko ya yi tsalle. Zalia ta fito daga kicin da tsumma a hannu.

"Ayya Anti, kifin? Tun ana karatu ya mutu. Wani baba ya ga yana yawo a sama, ya ce a cire kafin ka gani, yau ba ranar ƙara maka damuwa ba ne. Ya ɗebe shi da kofin shayi."

"Ina anka sa shi?"

"Shara mana, Anti."

Hajiya Rafi'atu na ɗaura mayafi ta ce, "Kada wannan shi dame ki. In kin fita takaba ni da kaina in sai miki wani, ja mai kyau, ba wannan baƙin ba. Sharar ma mun ɗaure, ga ta nan bakin ƙofa, ɗana shina zuwa shi sauke." Aminatou ta raka su har lif, ta yi wa kowace godiya da sunanta, ta ce a gaida gida.

Leda huɗu ne, manya baƙaƙe, a jingine a bangon baranda. Ta dube su. Shekara ashirin da wani abu ba a taɓa ganin Aminatou da maiƙo a gaban riga ba. Ta durƙusa a kan tayil, ta kwance ta farko, ta fara fitar da farantai ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe kowane kofin shayi, tana tona shinkafa da ƙasusuwan kaji da yatsu. Babu. Ta kwance ta biyu. Miya ta ɓata mata hannun riga har gwiwar hannu, romo ya bi tayil ya nufi ƙofar maƙwabta. Tana cikin ta uku ƙofar ta buɗe, Maman Bege ta fito da kayan aiki a jikinta da jaka a kafaɗa, za ta asibiti.

Ta tsaya. Aminatou ba ta ɗago ba.

"Ƙarami ne, Maman Bege," ta ce. "Launin ƙasa. In ba a lura ba sai a ɗauka ƙashi ne."

Maman Bege ta ajiye jakarta a ƙasa, ta durƙusa, ta jawo leda ta huɗu ta fara kwance ƙullin.